Idan abokan karatu sun watse: koyon kemistiri a rukuni ta waya daga Salaga, Yendi da Bawku

A daren Lahadi 15 ga Maris 2020, shugaban Ghana na lokacin, Nana Akufo-Addo, ya sanar da rufe makarantu da jami'o'in ƙasar baki ɗaya daga washegari, kwana uku bayan an tabbatar da mutum biyu na farko da suka kamu da korona. Cikin 'yan kwanaki ɗakunan kwanan ɗalibai a Legon da Kumasi da Nyankpala da Navrongo suka zama wayam. Ɗan Salaga ya bi ta Tamale ya wuce gida, 'yar Yendi ta koma wurin iyayenta, na Bawku ya hau motar Bolgatanga. An mayar da 'yan ajin ƙarshe a watan Yuni don su kammala jarrabawa, amma sai a Janairun 2021 aka buɗe jami'o'in ga kowa.

Jami'o'in sun yi iya ƙoƙarinsu a tsakanin nan. Legon ta dogara da manhajarta ta Sakai, wasu suka koma Moodle da Zoom da Google Classroom, kamfanin MTN kuma ya bar wasu shafukan karatu a buɗe ba tare da cire data ba. Lakca ta koma intanet ba da wata wahala mai yawa ba, tunda mutum ɗaya ne ke magana saura suna saurare. Abin da aka bari a baya shi ne zaman da ba ya cikin jadawalin kowa: ɗalibai biyar ko shida a gindin bishiyar dalbejiya, ko a wani aji da ba kowa bayan isha'i, alli a hannu, suna gardama a kan tambaya guda har wani ya ce “au, yanzu na gane”.

Ni malamin kimiyya ne a sakandare, kuma ɗaliban da suka bi ta hannuna suka shiga jami'a sun sha kirana a waɗannan watannin. Ba wanda ya ce mini bai samu takardun lakca ba. Kukansu ɗaya ne: sun karanta, sun ɗauka sun fahimta, da suka zo kan lissafi sai suka maƙale, kuma babu wanda za su juya su tambaya. Korona ta wuce, amma tambayar da ta bari tana nan: shin za a iya ɗauke wannan zaman na abokan karatu a mayar da shi cikin waya ba tare da ya mutu ba?

Tsarin da aka gina a kan zaman abokai

Zaman rukuni ba sabon abu ba ne, sai dai akwai inda aka mayar da shi tsari mai ƙa'idoji, kuma daga fannin kemistiri ya fito. A farkon shekarun 1990, wani malamin kemistiri a City College da ke birnin New York, David Gosser, ya damu da yawan ɗaliban da ke faɗuwa a ajin farko. Yawancinsu 'ya'yan talakawa ne da baƙin haure, masu aiki da rana, da dama kuma su ne na farko a gidansu da suka taka jami'a. Sai ya fara raba su ƙungiya-ƙungiya, ya ɗora wa kowace ɗalibin da ya ci darasin a shekarar da ta gabata. A 1995 hukumar tallafa wa binciken kimiyya ta Amurka ta ba da kuɗi aka faɗaɗa gwajin zuwa wasu jami'o'i, ciki har da Rochester inda Jack Kampmeier ya kai shi ajin kemistirin sinadaran kabon. Daga baya aka san tsarin da gajeren sunansa na Turanci, PLTL, ma'ana koyo a rukuni ƙarƙashin jagorancin ɗan'uwa ɗalibi.

Kafin Gosser ma, wani masanin lissafi, Uri Treisman, ya bi ɗaliban jami'ar Berkeley a shekarun 1970 don ya gano dalilin da wasu ke cin lissafi wasu na faɗuwa alhali duk haziƙai ne. Ya tarar masu faɗuwar suna karatu da gaske, amma kowa shi kaɗai a ɗakinsa, su kuwa masu cin suna haɗuwa su duba aikin juna. Ɗalibin da aka mayar gida Salaga da waya da tarin takardu, an mayar da shi sahun farko ke nan ko da bai so ba.

Yadda tsarin yake ba shi da sarƙaƙiya. Ɗalibai shida zuwa takwas ne, suna haɗuwa sau ɗaya a mako na kusan awa biyu. Malamin darasin ne ke rubuta tambayoyin, kuma yana yin su da ɗan tauri da gangan, yadda mutum ɗaya zai sha wuya amma taro zai iya. Ba a raba takardar amsoshi. Jagoran kuma ana horar da shi, yana zama da malami kowane mako kafin ya zauna da rukuninsa. Sharaɗi mafi wuyar kiyayewa shi ne na ƙarshe: jagora ba ya yin lakca kuma ba ya ba da amsa. Aikinsa tambaya.

Masu karatu a Yamai da Wagadugu da Lome za su ce ai wannan TD ne. Sun yi kama, amma a yawancin TD mataimakin malami ne ke gaban allo yana warwarewa, ɗalibai arba'in ko ɗari suna kwafa. A nan alli yana hannun ɗalibai. Wanda ya taso a zango kuma zai tuna da makarantar allo, inda malam ke da yara fiye da yadda zai iya bi ɗaya-ɗaya, sai gardi ko babban almajiri ya riƙa biya wa ƙanana. Salaga ta san wannan tun zamanin fataken goro, lokacin da malamai irin su Alhaji Umaru, haifaffen Kano, suka zauna a garin kafin yaƙin basasar 1892 ya watsa jama'a, shi ya koma Kete-Krachi. Saboda haka ɗalibi ya koyar da ɗalibi ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Bambancin dai shi ne gardi yana faɗa ka maimaita, idan ka yi kuskure ya gyara nan take. Jagoran kemistiri kuwa dole ya ga kuskure ya danne bakinsa.

Tambaya guda, amsa biyu

Bari mu ɗauki misali don a ga dalilin danne bakin. An ɗebi mililita 25.0 na ruwan NaOH, wato sodar nan da masu sabulu ke saya a kasuwa. Aka riƙa ɗiga masa asid ɗin H2SO4, irin na ruwan batir, mai ƙarfin mol 0.100 a kowace lita. Sai da aka zuba mililita 20.0 kafin launin ya juya. Nawa ne ƙarfin sodar?

A kowane rukuni na 'yan ajin farko za a samu waɗanda za su ce 0.0800. Sun haddace ƙa'idar nan ta sakandare, C1V1 = C2V2, sun zuba lambobi, amsa ta fito tsaf. Wasu kuma za su ce 0.160. Na biyun ne daidai, domin kowace ƙwaya ɗaya ta H2SO4 tana cinye ƙwaya biyu ta NaOH: mol 0.00200 na asid ya ci mol 0.00400 na soda, a raba da lita 0.0250. Idan jagora ya ce “0.160 ne, ku ninka da biyu”, an gama cikin minti ɗaya, kuma wanda ya ce 0.0800 zai sake faɗawa ramin nan ranar jarrabawa da an sauya masa asid. Jagoran da aka horar sai ya ce: “To, amsa biyu ke nan. Wa zai rubuta mana abin da ke faruwa tsakanin asid da sodar kafin mu taɓa lambobi?” Wata ta tashi ta rubuta H2SO4 + 2NaOH, sai mai 0.0800 ya ga lambar 2 da idonsa. Shi da kansa zai gano cewa ƙa'idar da ya haddace tana aiki ne kawai idan ɗaya na cin ɗaya.

Abin lura a nan: duk wannan ya yiwu ne saboda ana ganin takardar juna. Kuskuren ba a amsar ƙarshe yake ba, yana layi na biyu, a matakin da ɗalibin ya tsallake. Kemistiri darasin hannu ne. Akwai ƙananan lambobi a ƙasa da sama, akwai kibiyoyi masu lanƙwasa da ke nuna inda ilektoron ya bi, akwai zanen zobe mai kusurwa shida. Ba a faɗar su da baki a gane, kuma buga su a madannin waya azaba ce. Duk wanda zai mayar da zaman rukuni kan intanet, wannan ce matsalar farko da zai warware.

Abin da aka yi a Indianapolis, da abin da zai yiwu a Yendi

An gwada wannan tun kafin korona da kusan shekara goma. A jami'ar IUPUI ta wancan lokacin a Indianapolis, Farfesa Pratibha Varma-Nelson da abokan aikinta suka lura cewa ɗalibai masu aiki da masu iyali da mazauna nesa ba sa iya zuwa zaman mako. Sai suka gina na intanet, suka kira shi cPLTL. Kowane ɗalibi na gaban kwamfutarsa da abin jin magana a kunne da kamara biyu: ɗaya na kallon fuskarsa, ɗaya na kallon takardar da yake rubutu a kai. Kowa na ganin hannun kowa yana motsi. Da suka kwatanta sakamakon jarrabawa, sun tarar waɗanda suka yi ta intanet ba su gaza waɗanda suka haɗu ido da ido ba.

Labari ne mai daɗi, amma a dubi abin da yake tsaye a kansa: kwamfuta, kamara biyu, intanet da ba ya yankewa na awa biyu, wuta, da ɗaki mai shiru. Ɗalibar da ke gidan iyayenta a Yendi tana da waya ɗaya, wataƙila ma ƙanenta na jiran ta gama. Kiran bidiyo na mutum takwas yana cinye ɗaruruwan megabait a awa guda, kuma Zoom na kyauta yana katse taro bayan minti 40. Idan wuta ta ɗauke, cajin da ya rage ake lallaɓawa. A cikin garin Salaga ko Bawku ana samun sabis, amma wanda gidansu ke ƙauye ya san tudun da ake hawa a kama layi. Akwai kuma wani abu da ba a cika faɗa ba: a makarantun sakandaren gwamnati na Ghana an hana ɗalibai riƙe waya. Yaro ya yi shekara uku ana ƙwace masa ita idan an gani, sai ya shiga jami'a a ce masa ita ce ajinsa. Ya iya tura saƙo da kallon bidiyo, amma ba wanda ya taɓa nuna masa yadda ake karatu da ita.

A ganina, kwafo tsarin Indianapolis yadda yake ɓata lokaci ne. Abin da ya kamata a kwafo shi ne dalilin kamara ta biyu, wato a ga takarda. Wannan kuwa waya mai araha tana iya yi. Hoton shafi ɗaya da aka tura ta WhatsApp bai kai megabait ɗaya ba, saƙon murya na minti ɗaya ma haka. Ko sabis ya yi rauni, hoto yana jira ya tafi idan layi ya dawo, abin da bidiyo ba ya yi.

Ga yadda wani rukuni da na sani ke yi, kuma na ga yana tafiya. Su bakwai ne, jagorarsu tsohuwar ɗalibata ce da ke aji uku. Da safiyar ranar zama tana tura tambayoyi uku ko huɗu. Kowa ya gwada shi kaɗai a takarda da biro mai duhu, ba fensir ba, domin fensir ba ya fita a hoto. Kafin lokacin zama kowa ya tura mata hoton aikinsa ita kaɗai, ko bai gama ba, ko shirme ne. Wannan matakin na da muhimmanci: da a cikin rukuni aka tura, na farko da ya tura shi ne kowa zai kwafa. Idan lokaci ya yi sai ta zaɓi hoto biyu da suka saɓa, ta saka su a rukuni, ta buɗe kiran murya ba bidiyo. Kowa na kallon hoto ɗaya a wayarsa suna magana a kai. Sun saba saka lamba a kowane layi na lissafinsu, don a iya cewa “layi na uku ban yarda ba” maimakon “can ƙasa kaɗan”. Wanda zai gyara ya zana da'ira a kan hoton da yatsa ya sake turawa.

WhatsApp ma ya taimaka ba da saninsa ba: har watan Afrilun 2020 mutum huɗu kawai yake ɗauka a kira guda, a ƙarshen watan aka ƙara zuwa takwas, daidai girman rukuni, daga baya aka kai 32. Amma don layi na ɗaukar talatin ba dalili ba ne a tara talatin. Rukunin WhatsApp na aji gaba ɗaya, mai mutum ɗari biyu, kowa ya san abin da yake komawa: sanarwa, barkwanci, da neman tambayoyin bara.

Shirun da ba a iya karantawa

Aikin jagora ya fi wuya a waya, kuma nan ne yawancin rukunoni ke mutuwa. A ƙarƙashin bishiya, idan ka yi tambaya aka yi shiru, kana ganin fuskoki. Ka san wanda ke tunani, ka san wanda ya ɓata tun tambaya ta farko, ka ga wadda ta rubuta wani abu ta rufe da hannu. A kiran murya shiru iri ɗaya ne. Ko tunani ake, ko layi ya yanke, ko an kira mutum ya je ya sayo gawayi. Jagoran da ba a horar ba ba ya jure wannan shirun fiye da daƙiƙa biyar, sai ya fara bayani don ya cike gurbin. Bayan mako uku zaman ya koma ƙaramar lakca, ta bakin wanda bai kai malami sani ba.

Maganin da na gani yana aiki ƙanana ne. A daina jefa tambaya a iska, a kira suna. A ba kowa aiki tun farko: wannan zai karanta tambayar ya faɗe ta da kalmominsa, wancan zai duba ma'aunai ko giram ne ko mol, wata kuma aikinta ta ƙi yarda da duk amsar da aka kawo har sai an gamsar da ita. Jagora ya faɗa a fili cewa “minti uku kowa ya rubuta, ba magana”, don shirun ya zama na niyya. Wanda layinsa ya yanke kuma a bar masa taƙaitawa da saƙon murya, kuma ba jagora zai yi ta ba, wani ɗan rukuni ne, domin taƙaitawar ma karatu ce.

Akwai fa'idar da ban yi tsammani ba. Ɗalibai mata da dama da ba sa buɗe baki a gaban maza a aji sun fi sakewa a saƙon murya, inda za su iya gogewa su sake ɗauka. Kuma yarinyar da ba za a bar ta ta fita zaman dare a gari ba, ba wanda zai hana ta zama a tsakar gida da waya da littafi. Sai dai ita ce kuma ake fara kira idan tuwo ya tashi, don haka lokacin zama ba abin da jagora zai yanke shi kaɗai ba ne.

Sai batun harshe. Jarrabawa da Turanci ake yi, amma fahimta ba ta da wannan dokar. A Salaga ana jin Gonja da Hausa, a Yendi Dagbani, a Bawku kuwa Kusaal da Mampruli da Moore da Bisa duk suna nan, Hausa na haɗa su a kasuwa. Hausa ba ta cikin harsunan da gwamnatin Ghana ta ware don koyarwa a makarantunta, saboda haka ɗan zango bai taɓa jin an yi masa bayanin mol da harshen gidansu a aji ba. A rukuni yana iya ji. Na saurari wani yana bayyana sinadarin da ke fara ƙarewa a haɗi da misalin mai ƙosai: komai yawan mai, idan ƙullun wake ya ƙare suya ta tsaya. Ba littafin da zai ba shi wannan. Sharaɗin da nake ba su shi ne a yi gardama da kowane harshe, amma a rufe da rubuta amsar da Turancin da za a gani a takardar jarrabawa. Idan kuma akwai wanda ba ya jin harshen da aka karkata a kai, jagora ya ja linzami. Ga ɗan Togo ko Burkina da ke karatu da Faransanci, lissafin bai sauya ba.

Abin da waya ba za ta ɗauka ba

Ɗakin gwaje-gwaje ba ya shiga waya. Tambayar sodar da muka yi a sama, ana iya warware ta a takarda sau ɗari, amma riƙe famfon bututun awo da hannun hagu, da ganin digo ɗayan da ke juya launi, sai a tsaye gaban tebur. Akwai manhajojin kwaikwayo irin su PhET na jami'ar Colorado, kyauta ne, wasu ma ana iya sauke su a yi amfani da su ba intanet. Suna taimakawa a ga hoton abin, ba sa koya wa hannu.

Sabuwar matsala kuma ita ce ChatGPT da ire-irensa, tun ƙarshen 2022. Yanzu ɗalibi na iya ɗaukar hoton tambaya ya samu amsa da matakanta kafin a ce kwabo. Wasu malamai na ganin wannan ya kashe aikin gida. Ni ina ganin ya ƙara wa zaman rukuni daraja, tunda a nan ne kawai za a ce maka “me ya sa ka raba da 0.0250?” kuma dole ka amsa da bakinka a take. Amma ya ɗora wa masu rubuta tambayoyi nauyi. Tambayar da ke neman lamba ɗaya ta zama mai arha. Wadda ta fi ita ce a kawo aikin da ke da kuskure a ce a nemo shi, ko a kawo abin da ɗalibai suka sani a ƙasa. Misali, an daɗe da sanin cewa ruwan rijiyoyin burtsatse a yankin Bongo, kusa da Bolgatanga, na da sinadarin fuloraid da yawa, wanda ke ɓata haƙoran yara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyaka a miligiram 1.5 a lita. A ce wa rukuni su mayar da wannan zuwa mol, sannan su yi gardama a kan yadda za a gwada ruwan garinsu. Ko a tambaye su me ya sa ruwan toka ke mayar da man kaɗe sabulu, abin da kakanninsu mata ke yi ba tare da sun ji sunan potasiyam ba.

Wa zai ɗauki nauyi

Rukunin da na ba da labarinsa na sa-kai ne, kuma rauninsa ke nan. Jagorar na sayen data daga aljihunta, tambayoyin tana tsinto su ne daga tsofaffin takardu, ba malamin da ya san ana yi. Ranar da ta kammala karatu, abin zai tsaya. A tsarin asali, jami'a ce ke zaɓen jagorori, tana ba su ɗan alawus ko maki, malamin darasi na zama da su kowane mako, halartar zaman kuma na cikin sakamakon ɗalibi. Waɗanda suka gina PLTL sun nanata cewa idan aka mayar da shi abin ganin dama a gefen darasi, waɗanda suka fi buƙatarsa su ne ba za su zo ba.

Arewacin Ghana ba ta rasa tubalin ginin ba. Jami'ar UDS, wadda aka kafa a 1992, ta daɗe tana koyar da ɗaliban likitanci a ƙananan rukunoni da ke warware matsala da kansu. Reshenta na Navrongo, inda aka saba koyar da kemistiri, ya zama jami'a mai cin gashin kanta da sunan C. K. Tedam bayan dokar 2019. Akwai kwalejojin horar da malamai, St. Vincent a Yendi, Gbewaa a Pusiga kusa da Bawku, E. P. a Bimbilla, waɗanda tun 2018 suke ba da digirin shekara huɗu, kuma daga cikinsu malaman kimiyyar ƙananan makarantu ke fitowa. Ɗalibin koyon malanta da ya jagoranci rukuni shekara guda ya koyi abin da wasunmu ba mu koya ba sai bayan shekara biyar a aji, wato yin shiru yaro ya yi tunani. Kuɗin da ake magana a kai kuma ba na gini ba ne: data ga jagora, horon kwana biyu, da awa ɗaya a mako daga lokacin malami. Awar nan ce ta fi wuyar samu, a jami'o'in da ɗalibai suka ƙaru sosai tun da 'yan farko na shirin sakandare kyauta, wanda aka fara a 2017, suka iso.

Wani zai ce ai an koma aji, me ya kawo maganar waya kuma? Ɗalibin arewa ya san ba korona kaɗai ke raba shi da abokan karatu ba. A Janairun 2022 malaman jami'o'i na ƙungiyar UTAG sun shiga yajin aiki na makonni. Akwai dogon hutu, akwai zango na uku na UDS da ake tura ɗalibai ƙauyuka aikin al'umma, akwai mai sake rubuta darasin da ya faɗi alhali ajinsa ya wuce. Ita ma wayar ba ta da tabbas: ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku sun lalace a gaɓar Côte d'Ivoire, Ghana da maƙwabtanta suka yi kwanaki cikin wahalar layi. Shi ya sa nake gaya wa kowane rukuni su buga tambayoyin zango gaba ɗaya a takarda kafin su rabu, su kuma yi zaman gwaji ɗaya ta waya tun suna harabar jami'a, kowa a ɗakinsa, don a gano wanda makirfonsa ba ya aiki tun ana iya aron na wani.

A Bawku lamarin ya fi haka nauyi. Tun ƙarshen 2021 garin ke shiga yana fita daga dokar hana fita saboda rikicin sarauta, an kuma sha taƙaita hawan babur. Ɗalibi biyu da ke unguwanni daban-daban na gari ɗaya na iya yin hutu gaba ɗaya ba su haɗu ba, wani lokacin ma iyayensu ba za su so a gan su tare ba. Biyu daga cikin bakwai ɗin da na ambata 'yan Bawku ne, kuma saboda su aka tsayar da lokacin zama bayan sallar isha'i, ranar Talata: a lokacin kowa na gida dole, an gama girki, layi kuma ya ɗan sarara. A makon da na saurare su, kan ma'aunin pH suke, kuma sun kwashe minti ashirin suna jayayya a kan ko asid ɗin da aka tsarma da ruwa sosai zai iya haura 7. Jagorar ta san amsar tun farko. Sau biyu na ji ta ja numfashi kamar za ta faɗa, sai ta ce wa na Salaga ya tura hoton layinsa na huɗu.